Ƙarfen Ƙafar Hajo

Ku ba ni aron kunnuwanku, 'ya'ya da jikoki, tsohuwa za ta yi magana. Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Ɗan'azumi, maƙerin bakin kasuwar Jibiya. Allah Ya kai haske kabarinsa.

Tun Turawa na ƙasar nan, Faransa na Maraɗi, shan inna ya taɓa ɗiyata Hajo, ƙafar hagu ta shanye. Tsararta na tsalle a dandali, ita tana jan gindi a tsakar gida. Yaya ya ƙera mata abin tallafar ƙafa da baƙin ƙarfe, ya yi mata nauyi, ko ɗaga shi ba ta iyawa.

Ana nan sai wani falke ya kawo masa guntayen sanholo, wato alminiyam, ya ce na mataccen jirgin sama ne. Ga fari, ga rashin nauyi. Yaya ya gasa, ya daka a uwar maƙera har ya yi siffar ƙafa. To, abin da ya gada wurin babanmu shi ne, ƙarfen da ba a so ya karye, ba a gaggauta masa ruwa, cikin toka ake binne shi ya huce sannu a hankali. Haka ya yi. Hajo na miƙewa a kai ya lanƙwashe, ta faɗi ta fasa leɓe. Ranar yaya bai ci tuwo ba.

Ya sake ƙera wani. Yana fiddo shi daga wuta ya kuɓuce wa awartaki, ya faɗa kwamin ruwa. Da ya taɓa ya ji shi da laushi kamar ɗanyen kara, sai ya jefa shi bisa rumfa, ya ce mini in haƙura, ƙarfen Nasara ba ya jin magana.

Sai da kasuwa ta zagayo ya sauko da shi zai narkar ya yi ludayi. Ya taka, ya danna, ƙarfe ya ƙi motsi. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Ashe kowane allazi da nasa amanu. Wannan ba ya son lallashi. A tsoma shi farat ɗaya, a ƙyale shi ya kwana biyu. Kira mini Hajo."

Ya ɗaura mata shi a ƙafa, ta tsaya. Ta taka har bakin zaure, tana dafa bango.

Yau ina ganin babura da manyan motoci suna tsallaka iyaka, jikinsu duk farin ƙarfen nan. Da yana raye, na san sai ya tare direba ya ƙwanƙwasa jikin motar, ya tambaye shi ruwa aka ba ƙarfen ko toka.

Falken bai sake biyowa ta Jibiya ba. Yaya ya tsufa a maƙerarsa, guragu na zuwa masa har daga Daddara, bai taɓa mayar da kowa ba. Ni ga ni, ido ya yi rauni, baki bai gaji da godiya ba. Hajo kuwa ta yi aure a Maraɗi, ta haifi shida, ranar jana'izar kawunta da ƙafarta ta shigo gida.