Mai Molon Kotla

Karam Din Musulmi ne mai salla biyar, amma tun kaka da kakanni gidansu ke kaɗa molo a gurdwara, ɗakin ibadar 'yan Sikh na ƙauyen Kotla. Ba wanda ya taɓa ganin aibin haka. Ai Guru na farko, wanda ya kafa addinin Sikh, ɗan gidan Hindu ne, kuma da Musulmi mai molo ya yi yawon wa'azinsa. Karam Din kan tsokani maƙwabtansa 'yan Sikh masu dogon gemu ya ce, "Mu muka gaji kiɗan, ku kuka gaji gemun."

Shekarar da aka raba ƙasa biyu, Musulmi yamma, Hindu da Sikh gabas, wasa ya ƙare. Musulmin Kotla suka tattara suka yi yamma, har da matarsa da 'yarsa, shi kuwa taurin kai ya hana shi tafiya. Wai wa zai yi wa mutanen gurdwara waƙar asuba?

Ran nan da hantsi yana tsakiyar waƙa, samarin Sikh shida suka tsaya a ƙofa da takubba. Jagoransu Dalip ne, wanda aka kashe masa uwa da ƙanne a hanyar gudowa daga yamma.

"Baba, fito mana da Musulmin nan," in ji shi ga Jiwan Singh, tsohon da ke kula da Littafi mai tsarki na 'yan Sikh.

"Ana waƙa, ɗana. Cire takalmi ka zauna."

Suka zauna, takubba kan cinya, don ba mai katse waƙa a gaban Littafi. Karam Din ya gane ransa na rataye da muryarsa. In ya kai ƙarshen baiti sai ya kama wani. Azahar ta wuce, yatsunsa suka fashe, murya ta dushe, har ta ƙi fita gaba ɗaya.

Dalip ya ɗora hannu kan takobi.

Sai tsohon ya ɗauko kwanon alewar fulawa da man shanu da ake rabawa bayan ibada, ya danƙa wa Karam Din. "Gwiwata ta ƙi yau, ɗan'uwa. Raba mana."

Alewar nan ba a ƙin ta, kuma da hannu biyu ake karɓa. Karam Din ya tsaya gaban Dalip da kwanon. Yaron ya daɗe yana kallonsa, idanu jawur. Can ya ajiye takobin, ya haɗa tafukansa.

"Motar soja mai kai Musulmi yamma za ta wuce da la'asar," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada gobe in gan ka, Baba."

Karam Din ya bar molon a gurdwara ya tafi. Shekara ashirin da shida ya yi a birnin Lahore, can yamma, yana sayar da shayi, da ɗaruruwan waƙoƙi a kansa, ba wanda ya taɓa ce masa ya rera ko ɗaya. Ranar da zai cika ya kamo hannun 'yarsa ya tambaye ta, "Yanzu wa ke yi musu waƙar asuba?"