Mai Ciniki da Tashoshin Wuta

A wani ofishin cinikin lantarki a Lusaka, Mama Nasilele mai tumatir, da ta kawo wa 'yarta abinci, tana kallon wani dogon mutum mai sanƙo, shayinsa ya huce a gefe. Aikinsa shi ne koya wa kwamfuta farashin da kowace tashar wuta za ta sa wa lantarkinta, ga manya suna jiran lissafin da ƙarfe biyu. Yana nuna allon da biro, yana magiya: "Haba tashar kwal, wannan tsada fa? Ta ruwa ma ta fi ki kunya."

A ranta ta ce, wannan dai matarsa ke cefane. Ta matso kusa.

"Ɗana, ba a roƙon mai kaya. Tashi ka yi kamar za ka tafi."