Allin da Ya Shata wa Baba Hanya

Duk safiya, tun masu shaguna ba su gama share ƙofa ba, za ka gan ta tana hawan matakalar wani sabon bene a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen dafawa, ɗayan riƙe da jaka. Ba wani abin a zo a gani a jakar: tef ɗin awo, gwangwanin alli, sai wani tsohon ɗankwali baƙi. Aikinta tsara cikin gida. Ita ke nuna wa iyali inda gado zai zauna, inda za a yanki falo a fitar da wurin cin abinci, da ɓangaren da ƙofar kicin za ta buɗe don kada ta riƙa dukan firji. Ta yi karatun abin, tana zana shi a kwamfuta kamar kowa, amma ba a kiranta da komai sai Mai Alli, don ba ta yarda da zane sai ta shata shi a kan siminti, masu gida sun taka da ƙafarsu.

Yanzu gwiwa ta ce ta gaji da matakala, Mai Alli za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan. Ba taron da za a yi mata. Wanda ya ji daɗin gidansa, magini yake yabo ko mai fenti, ba ya tuna wadda ta sa bai taɓa bugun ƙwauri da tebur ba.

Kafintan da ya daɗe yana aiki da ita ya ce ba ta fara magana da launin labule. Tambayoyinta irin na masu shisshigi ne: wa ke riga kowa tashi, wa ke minshari, ina ake watsar da takalma in an shigo? "In uwa ta ce 'ya'yanta ba su da ɓarna," in ji shi, "sai ta yi murmushi ta je ta duba bangon tsohon gidansu. Na taɓa ganin ta kwantar da wani babban mutum a kan siminti da farar rigarsa, cikin zanen gado, wai ya miƙa hannu ta ga ko zai kai makunnin fitila."

Aikin da kafintan ya fi bayar da labarinsa na wani iyali ne da sabuwar hanya za ta bi ta kan tsohon gidansu. Maigidan ya samu gida a bene, ɗakuna uku da falo, ga shi da mata da yara, ga mahaifinsa da idonsa ya rufe shekaru da dama. A tsohon gidan Baba bai taɓa neman jagora ba. Jikinsa ya haddace kowane lungu, shi ke kai kansa banɗaki, shi ke dawo da kansa. Da aka yi masa maganar tashi sai ya ce, "Ku bar ni nan, in katafila ta zo ta kwashe mu tare. Ni da tsufana ba za a riƙa ja na zuwa banɗaki kamar akuya ba." Ba wasa yake yi ba, har abinci ya rage ci.

Mai Alli ba ta fara da sabon gidan ba, tsohon ta nufa da sassafe, ta gaida Baba ta nemi wuri ta zauna.

"Ke ce mai zanen?" in ji shi. "To zana mini ido."

"Ido ya fi ƙarfina, Baba. Hanya dai ina ɗan taɓawa."

Ta wuni tana kallonsa. In ya sauko daga gado hannun damansa ke neman bango, ya shafo ƙusar da hularsa ke rataye, ya bi bangon har ƙofa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, sannan ya karya hagu zuwa banɗaki. In ya fito sai ya miƙe sak zuwa wata kujera gefen taga inda rana ke dukan kuncinsa. Da ya kwanta hutawa, ta ɗaure idonta da baƙin ɗankwalin nan ta bi sawunsa, ta sake bi, har tafin hannunta ya riƙe hanyar.

A sabon gidan ɗaki ɗaya ne kawai ke da banɗaki a hagunsa, shi ne babban da maigida da matarsa suka zaɓa wa kansu. Wannan suka sakar wa Baba ba musu. Rigimar a falo take. Hanyar zuwa taga ta ratsa tsakiyarsa, daidai inda matar gidan za ta ajiye teburin gilashin da ta daɗe tana burinsa.

"Anti, ai Baba zai saba," in ji ta. "Ma riƙa kama hannunsa kafin nan. Falo ba tebur a tsakiya ai filin ƙwallo ne."

Mai Alli ba mai ja-in-ja ba ce. Ta shata teburin da alli, ta ɗora kwalin tayil a kai, ta ce, "Zo ƙanwata, ara mini idonki kaɗan." Ta ɗaure mata ɗankwalin, ta tsayar da ita a ƙofar banɗaki ta ce ta je taga. Matar ta fara tafiya tana dariya. Ba ta yi nisa ba ƙwaurinta ya daki kwalin, ta kauce, bango ya ɓace mata, ta tsaya a tsakiyar falo hannuwa a miƙe ba ta san gabas ba balle yamma. Dariyar ta ɗauke. "Baban yara," ta kira da ƙaramar murya, "kana ina?" Da ta kwance ɗankwalin idonta ya cika da hawaye, kunya da tausayi suka haɗu mata. Ita da kanta ta ja kwalin zuwa lungu.

Sauran aikin ƙanana ne, amma ba wanda aka yi da ka. Kafinta ya juya ƙyauren ɗakin ya koma buɗewa kamar na da, ya kafa ƙusa daidai tsayin waccan. Aka jingina kujerun falo da bango guda, aka bar wancan bangon fayau ba hoto ba kanta. Yara suka samu gado mai hawa biyu da wurin karatu a ƙarƙashin taga, teburin gilashi kuma ya zauna a lungunsa, ya ma fi kyau a can.

Ranar tashi maigidan ya hau da Baba matakala. Aka zaunar da shi a bakin gado aka ba shi shayi, kowa ya shiga buɗe kwalaye yana satar kallonsa. Mai Alli na tsaye a ƙofar kicin, ita ma zuciyarta ba a kwance take ba. Can aka ga ya fara motsi irin na mai bukatar fita, amma ya ƙi kiran kowa. Ya daɗe a haka. Sai ya miƙa hannun dama a hankali, ya ji bango. Ya shafa sama kaɗan, ga ƙusa, ga hularsa. Ya tashi ya bi bangon, da ya iso ƙofa ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofar da babu shi, ya karya hagu.

Da ya fito ya miƙe sak har kujerarsa, ya zauna, ya juya kuncinsa ga taga.

"Wa ya sace mini dokin ƙofa?"

"Shi kaɗai na baro a can, Baba," in ji Mai Alli, "kada jikokinka su yi tuntuɓe."

"To a bar shi. Ƙafata ta san yana nan." Ya gyara zama. "A ƙaro mini shayi."

Ke ce, Mai Alli, kika san ba don a nuna wa baƙi ake tsara gida ba, don waɗanda za su kwana su tashi a ciki ne. Ke ce mai auna mutum kafin ki auna bango. Gidaje nawa ake zaune lafiya cikinsu yau, an goge allinki da tsumma tun ranar farko, ba wanda ya san kin bi ta wurin? Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, kafin ku buɗe kwamfuta ku je ku zauna da mutanen gidan, ku nemi wanda ya fi kowa rauni a cikinsu, ku fara shata tasa hanyar. Baba yana nan da ransa a benen nan. Har yau in ya zo ƙofar ɗakinsa sai ya ɗaga ƙafa, kuma har yau ba wanda ya taɓa kama hannunsa zuwa banɗaki.