Zarena a Sandar Yaya Garba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Garba, Allah Ya ji ƙansa, kuma har gobe ban huce da maganar sandar fatsarsa ba. Baturen da ya yi wa kuku ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Ni ne ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, amma da ciwo ya kwantar da shi sai ya ɗauke ta ya miƙa wa Bitrus, abokinsa Bagwari na Bwari.

Na sani, zumunta a ƙafa take. Duk Asabar su biyun suna bakin dam suna jefa ƙugiya mai gashin tsuntsu, ni kuwa ina Nyanya kan keken ɗinki. To sai me? Bitrus ne ya yi jinyar Inna? Kishi nake, wallahi, ba na ɓoyewa.

Watan jiya Bitrus ya aiko mini, wai wani dillalin kayan tarihi daga Utako zai zo ganin sandar, in zo in zama shaida. Na tafi ina fatan a sayar, kowa ya rasa.

Dillalin ya juya ta a hannu, ya ce tsagin gora shida ne aka manne, ba gora ɗaya ba. Ya duba lambar da ke kusa da mariƙi, ya ce ta girmi Abuja nesa ba kusa ba. Da Yaya na raye da ya yi dariya har da hawaye, sandar da yake kore awaki da ita ce yau ake ɗauka da tsumma kamar jaririya.

Sai dillalin ya kai kan tsinin ya ɓata rai. An taɓa ɗaure karaya a wurin da baƙin zaren tela, alhali sauran ɗaurin duk siliki ne. Ya ce wannan ya karya mata daraja, sai an warware an sake kafin ya saya.

Na gane zaren. Wata rana Yaya ya shigo shagona ya ɗauki ƙwaryar zare guda ya fita, bai ce mini komai ba.

Bitrus ya karɓe sandar. "Oga, a bar shi haka. Garba ya ce zaren ƙaninsa ne, in an cire, sandan ba zai kama kifi ba. Na fasa."

Na kai hannu na shafa zaren.

Abin da ya rage na Yaya ke nan: gora, da zare, da mutumin da ya ƙi sayar da amana. An ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma na yarda Bitrus mai rabo ne. Amma Yaya, shekara nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya? Wannan maganar ni ya kamata ka faɗa wa, sai ga shi a bakin Bitrus na ji ta.