Gam Ɗin da Malam Usaini Ya Sa a Aljihu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina zaune a ƙofar gidana a Gumel bayan La'asar ranar Talata, maƙwabcina Alhaji Sabo ya tsaya da babur, ko kashe shi bai yi ba, ya ce, "Hedimasta, sai haƙuri. Malam Usaini bakanike ya cika ɗazu." Na san yana jinya tun bayan girbi. Na shiga na ɗauko hula, muka tafi. Kafin Magariba an kai shi makwancinsa.

A zaman makoki ne raina ya ɓaci. Direbobin tasha sun cika tabarmi, kowa na zuba yabo. Wannan ya ce daga Gumel har Maigatari babu bakanike irinsa, wancan ya ce hannunsa na da albarka. Ɗanlami direba har da share hawaye. Shi Ɗanlamin nan shekara huɗu ya yi yana kiran mamacin da Mai-kashe-inji. Na yunƙura zan tashi in ce musu munafukai, sai na koma na zauna, domin duk cikinsu babu wanda ya kai ni laifi.

Ajinmu ɗaya da Usaini a firamare. Ni na wuce kwalejin horon malamai, shi mahaifinsa ya kai shi gareji. Na koyar a Sule Tankarkar, na koyar a Gagarawa, na zama hedimasta, na yi ritaya da takardun yabo waɗanda ba sa ɗora tukunya. Na sayi tsohuwar akori-kura ina kai kaya da 'yan kasuwa Maigatari duk ranar Alhamis. Usaini ne ke duba min ita.

Mutum ne da ba ya gaggawa. In ka kawo masa mota, sai ya sa ka tada ta, ya tsaya yana saurare kamar mai jin karatu. In ya kwance inji, buhu yake shimfiɗawa ya jera notuna bisa yadda ya ciro su. Duk abin da ya canza, sai ya miƙo maka tsohon ka gani da idonka. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya, sai dai mai shi." Yakan kuma ce da direbobi, "In ta tsaya, ku fara neman inda hannu ya taɓa na ƙarshe."

Shekara huɗu da suka wuce ya canza wa motata ringin cikin inji. Bayan mako biyu na ga baƙin mai na ɗiga daga kaskon da ke ƙasan inji. Na ce ni da na koyar da kimiyya shekara da shekaru zan kai mota gareji saboda ɗigo? Ranar Laraba na rufe ƙofar gida, na shiga ƙarƙashinta, na kwance kaskon. Na yanka kwali daidai bakinsa, na matse masa jan gam kwanso biyu cif, don a ganina yawansa shi ne ƙarfinsa. Na ɗaure, na mayar da mai, ban ko jira ya bushe ba. Ɗigo ya tsaya. Na wanke hannu ina jin kaina.

Washegari na yi lodin riɗi a Gagarawa Tasha, da mutum shida a kan kaya. Mun wuce Gumel mun kama hanyar Maigatari, sai inji ya fara ƙwas-ƙwas, ƙarfinsa ya ragu, ya mutu. Fitilar mai ta daɗe da ƙonewa, babu abin da ya gargaɗe ni. Na murɗa makulli, ta yi ƙat, shi ke nan. Na kira Usaini.

Kafin ya iso a babur da jakar kayan aikinsa, mutane sun taru. Ɗanlami ya tsaya da motarsa da fasinjojinsa, wasu direbobi biyu ma sun tsaya. Usaini ya yi sallama ya buɗe bonet. Ya danna ham, ya kunna fitilu, ya ce batir lafiya. Ya zaro gejin auna baƙin mai, mai cike. Ya leƙa lagireto, akwai ruwa. Ya cire fulogai huɗun ya duba, babu ruwa a ciki. Ya fitar da ita daga giya, ya sa babbar sifana a notin gaban inji, ya danna da dukkan ƙarfinsa. Ko motsi.

"Ya cije," ya ce.

Ya buɗe murfin da ake zuba mai, ya sa yatsa ya fito da shi a bushe.

"Mai cike a ƙasa, sama ƙayau. Akwai abin da ya hana shi hawa."

Ya kwanta ya shiga ƙarƙashi. Na san abin da zai gani, sabon jan gam ya zagaye bakin kasko, shi kuwa ba ya aiki da irinsa. Ya ɗan jima, ya fito, ya dube ni.

"Malam, bayan ni wani ya taɓa ta?"

Cikin waɗanda ke tsaye akwai mutum biyu da na koyar a aji shida, yanzu magidanta ne, har durƙusawa suka yi da suka gaishe ni. Na dube su, na ce, "Wa zai taɓa ta? Daga hannunka ta fito."

Ɗanlami ya tafa hannu. "To kun ji! Malam Usaini, in ido ya fara gajiya a faɗa mana. Gyara ka yi ko yanka?"

Aka yi dariya. Usaini ya ɗauki sifanarsa. Ya koma ƙarƙashi, ya tsiyaye man a galan, ya sauke kaskon. Ni na durƙusa kusa da shi, ni kaɗai na gani. Rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta ta toshe da gam, ya naɗe ta zare-zare kamar taliya. Da na matse kaskon, rarar gam ɗin ta faɗa ciki, famfo ya zuƙo ta. Usaini ya ɓamɓare gam ɗin da farce, ya dunƙule, ya sa a aljihun rigarsa. Ya fito ya ce da jama'a, "Famfo ne bai ja mai ba. Allah ya kiyaye gaba." Kowa ya ɗauka ya amsa laifi.

Da aka ja motar zuwa garejinsa muka rage mu biyu, ya ce, "Malam, gam kaɗan ake shafawa, kamar man kaɗe a leɓe. Gaba in ta ɗiga, ka kawo."

Na ce, "Usaini, zan gaya musu."

Ya ce, "Bar shi. In aka ce ni ne, bakanike ya yi kuskure, ba yau aka fara ba. Kai kuwa yaran da ka koyar suna kallonka."

Na bar shi ɗin. Da sauri ma na bar shi, kamar dama jira nake ya faɗa.

Abin da bai zata ba, ni ma ban zata ba, shi ne yadda maganar ta bi tasha. Kafin kasuwa ta zagayo, an ce Usaini ya kashe injin Hedimasta. Kafin wata biyu an ce inji uku ya kashe. Mutanen da ya shekara ashirin yana tada musu motoci a tsakiyar hanya cikin rana tsaka suka kwashe suka koma wani gareji. Babu wanda ya zo ya tambaye shi yadda aka yi, ko mutum ɗaya. Mutumin da ke kwance injin babbar mota ya koma gyaran janareta da injin markaɗe. Motata kuwa shi ya sake haɗa ta, har yau tana tafiya.

Sau nawa na sami damar magana? A teburin mai shayi Ɗanlami ya ce, "Hedimasta, har yanzu wurin Mai-kashe-inji kake kai ta? Kai dai da ƙarfin hali." Na yi murmushi na kurɓi shayina. Mutane har yabona suke yi, wai ina da haƙuri da riƙon zumunci. Wannan shi ne amfanin karatun da na yi: na iya tsayawa gaban aji in yi wa 'ya'yan mutane darasi a kan gaskiya, na kasa faɗin kalma biyu, ni ne. Shi da bai gama firamare da wata takardar kirki ba ya rufa min asiri da abincin 'ya'yansa.

Da na je duba shi yana kwance, na fara, "Usaini, maganar nan ta hanyar Maigatari..." Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Malam, tana ɗiga ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To, alhamdulillahi." Ya rufe ido. Ban koma ba, don kunya.

Bayan addu'ar uku na kira babban ɗansa Kabiru zaure, na gaya masa komai. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Baba bai taɓa gaya mana ba. Mu ma mun ɗauka shi ne." Ya ce, "Baba Hedimasta, yafiya ba a hannuna take ba. Amma a tasha aka ɓata shi, ba a zauren nan ba."

Gaskiyarsa. Ranar Alhamis mai zuwa da safe, lokacin da motocin Maigatari ke lodi, zan tsaya a tasha in faɗa da bakina, Ɗanlami na ji. Kafin nan, duk wanda ya karanta wannan ya zama shaida: Malam Usaini bai kashe injina ba. Ni na kashe shi da hannuna, na yi ƙarya a gabansa, na bar shi ya ɗauka har kabari. Ku kuma da kuka yaɗa abin da ba ku bincika ba, kowa ya san inda zai nemi gafara.

Ya Allah, bawanka Usaini ya suturta ni a duniya, Ka suturta shi ranar da babu suturar kowa sai taKa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka saka masa da Aljannar Firdausi. Ka ba mai ɗakinsa Malama Hauwa da Kabiru da ƙannensa haƙuri, Ka buɗa musu ƙofar da na rufe wa mahaifinsu. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka sa ya yafe min ranar da za mu tsaya gabanKa.

Amin.