Kafaɗar Baba ta Dama

Babanmu ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan har ya yi ritaya, kuma in ka cire coci, babu abin da ya riƙe da gaske kamar resilin, kokawar nan ta Turawa da ake nunawa a talabijin. Ran Asabar da rana ake maimaita wasan a tashar da muke kamawa. Da ya gama cin abinci sai ya jawo kujerarsa gaban akwatin, tsofaffin abokan aikinsa biyu su shigo, ƙanena ya ɗare hannun kujera da waya a hannu. Ni kuwa ina gefe ina duba takardun ɗalibaina, ina jin haushinsu su duka, don ban ga dalilin da dattawan ikilisiya za su riƙa ihu a kan ƙarti masu ɗan kamfai ba.

Baba ba ya kiran 'yan wasan da sunayensu, nasa yake raɗa musu. Akwai Mahauci, akwai Mai Jan Wando, akwai wani dogo mai gashi har kafaɗa da yake kira Surukin Banza, wai fuskarsa irin ta wanda zai zo neman aure bai gaishe da kowa ba. A wajensa na da su ne 'yan kokawa, na yanzu 'yan rawa ne masu yawan surutu. Ƙanena kuma shi ne mai kawo labari daga waya: wane ya bar kamfani ya koma wani, wane ya karya wuya, wane da wane da suke zagin juna a fili tare suke cin abinci. Kullum sai ya ƙare da cewa an riga an rubuta wanda zai ci tun kafin a fara.

"To, an rubuta," in ji Baba. "Faɗuwan ma an rubuta? Hau kan tebur ɗin nan ka faɗo da bayan ka, sai ka gaya mani ko rubutu ne."

A wasan, in an danne mutum kafaɗunsa biyu suka taɓa ƙasa, rafli zai durƙusa ya buga tafin hannunsa sau uku. Wanda bai ɗaga kafaɗa ba kafin bugu na uku, an ci shi. Baba da jikinsa yake kallon wannan wurin. Da rafli ya yi bugu na biyu sai ka ga kafaɗarsa ta dama ta zabura sama, shayi ya zube masa a wando. Mama ta sha ce masa wata rana zai gurɗe a kan mutanen da ba su san yana duniya ba.

Da damina hawan jini ya kayar da shi a lambun bayan gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye gaba ɗaya, magana ta ɗauke. Bayan wasu makonni a asibiti likita ya ce mu koma gida mu ci gaba da jinya, kuma ya faɗa mana gaskiya cewa ba zai iya sanin ko Baba yana gane abin da ake faɗa ba. Muka sa gadonsa a falo don nan ya fi iska. Idonsa a buɗe yake, amma rufin ɗaki kawai yake kallo. Na kira shi, na karanta masa Zabura, 'yan zumuntar matan coci sun zo sun cika falon da waƙa har da kiɗan tukunya da kacau-kacau, ko ƙiftawa ta daban bai yi ba. In na ɗaga hannunsa na dama don in goge masa jiki, da na saki sai ya faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Wata Asabar ƙanena ya kunna talabijin. Ba na jin ya yi tunani, sabo ne kawai ya kai hannunsa. Na buɗe baki ke nan zan wanke shi tas, a ce mutum na kwance a haka kai kana kallon shirme, sai aka danne Mai Jan Wando. Rafli ya buga ɗaya, ya buga biyu. Kafaɗar Baba ta tashi daga kan katifa.

Ta dama ce. Wadda ta mutu.

Fuskarsa ba ta canja ba, idonsa na sama inda yake kullum, kafaɗar ce kaɗai ta ɗaga ta koma. Na dubi ƙanena na ga shi ma ya gani. Muka tsaya a tsaye muna jiran a sake danne wani, kuma da aka sake, ta sake tashi.

Daga ranar gardamar da ake yi a kan resilin ta koma kan Baba, kuma kusan kalmomin ma ba su canja ba. Abokansa suka ce gaske ne, mutumin yana nan yana kallon wasansa. Ƙanena ya bincika a waya ya ce jijiya ce kawai, jiki ne yake tuna abin da ya saba, ba kowa a ciki. Fasto ya zo ya gani da idonsa, ya ce mu ci gaba da addu'a, kada mu mai da dattijo abin kallo. Mama kuwa ta daina zama a falo ran Asabar. Ta ce mini, "Ni ina tsoron abin nan. Hannun da ba ya iya riƙe nawa, yaya zai tashi ma Bature?" Na ji kishi a muryarta, kuma ban ga laifinta ba.

Ni da na fi kowa raina wasan, ni na zama mai jiran Asabar. Na koyi sunayen da ya raɗa musu, ina zama kusa da kunnensa ina ba shi labari: Baba, Surukin Banza ya sake yin maguɗi, ya ɗauko kujera rafli bai gani ba. Ina son ya kasance yana ciki. Ina so ƙwarai, har ina jin zafin duk wanda ya ce mini a'a.

Ranar da ba na son tunawa, hadari ya haɗu tun tsakar rana, falo ya yi duhu-duhu. An danne Mahauci, rafli ya buga na biyu, kafaɗar Baba ta tashi, sai aka ɗauke wuta. Akwatin ya mutu. Kafaɗar ba ta koma ba.

Muka jira. Ruwa ya sauko a kan kwano da ƙarfi, ita tana nan a sama. Na ɗora tafin hannuna na danna a hankali, na ji ta da tauri kamar icen girki. Na ƙara ƙarfi, ko motsi. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ake yi, numfashinsa ya yi nauyi irin na wanda ke ɗauke da kaya. Janaretanmu ya daɗe da lalacewa. Na ce, "Baba, sauke, wasan ya ƙare," amma bai ƙare ba, kuma ina jin ya fi ni sani. Ƙanena ya yi ta laluben wayarsa har ya samo wannan wasan, ya kai daidai wurin, ya kara masa a kunne. Muka ji ihun 'yan kallo lokacin da Mahauci ya kuɓuce ya miƙe. Sannan kafaɗar ta sauka, a hankali, har ta kwanta.

"Abeg, Sista, kar ki dube ni haka," in ji ƙanena. "Jijiya ne." Amma bai ɗauke wayar daga kunnen Baba ba.

Ba a daɗe ba Baba Ƙarami, wato ƙanen mahaifinmu, ya zo daga ƙauyenmu da ke gindin duwatsu bayan Manchok. Dattawan gida ne suka aiko shi. A wajenmu ba a barin babban mutum ya cika a bariki. Ana mai da shi gidan ubansa tun yana numfashi, dangi su zo su gaishe shi, ya kwana a ɗakin da aka haife shi. Na ce ba inda za a kai shi. A nan asibiti yake, a nan mai gasa masa jiki yake zuwa, hanyar ƙauye kuwa da damina ko mashin sai an tura. Kai shi can daidai yake da cewa mun haƙura. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata 'ya ta yi wa ƙanen ubanta, na ce mutumin nan yana ji, yana kokawa, kowace Asabar yana nuna mana bai yarda an ci shi ba.

Baba Ƙarami bai yi fushi ba. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Yarinya na, ni ban san wannan wasa naku ba. Amma kin ce yana ji. To tambaye shi. Idan ya ce zai zauna, zan koma ni kaɗai, zan gaya ma dattawa haka."

Na yarda da sauri, don na tabbata na ci. Ran Asabar ce, kuma ɗazu-ɗazu a gaban idon Baba Ƙarami kafaɗar ta tashi. Ƙanena ya kashe talabijin. Mama ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a baki. Na durƙusa a gefen gadon, na kai bakina kunnensa.

"Baba, ni ce. Suna so su kai ka gida, ƙauye. Zan ƙirga maka. In ba ka yarda ba, ka ɗaga."

Na buga katifar da tafin hannuna. Ɗaya. Na sake bugawa. Biyu. Na ɗaga hannu na tsaya, idona a kan kafaɗar.

Ba ta motsa ba.

Na bar hannun a sama. Na ce a raina ƙila bai ji ba, ƙila sai da ihun 'yan kallo. Ina jin kukan kaji a tsakar gida, ina jin numfashin Mama. Da na gaji da kallon kafaɗar na ɗago kai, sai na ga idonsa ba ya kan rufin ɗaki. Ni yake kallo. Tun da ya faɗi bai taɓa dubana ba sai ranar. Ba hawaye, ba wata alama, kallo ne kawai, tsayayye, kuma kafaɗar tana kwance shiru a kan katifa. Hannuna ya fara ciwo. Ba wanda ya ce mini in yi sauri. Daga ƙarshe na sauke shi, katifar ta yi ƙara ta uku.

Washegari bayan sujada a coci aka shimfiɗa masa katifa a bayan mota, Mama ta ɗora kansa a cinyarta. Ya rayu a can har lokacin da aka fara girbin acca, dangi suna shiga suna fita suna gaishe shi da yarenmu. A ƙauyen babu wuta, babu talabijin, kuma Mama ta ce ba ta ƙara ganin kafaɗar ta motsa ba har ya cika.

Ƙanena yana kallon resilin har yanzu, yana kuma nan a kan bakansa cewa jijiya ce, ranar ma sa'a ce kawai ta sa idon ya juyo. Na daina yi masa musu. Wani lokaci ma nakan roƙi Ubangiji ya zama shi ne mai gaskiya. Don in ba jijiya ba ce, to Baba ya ji ni sarai, ya ga hannuna a sama ina roƙonsa, kuma ya zaɓi ya tafi.