Tarin Baba Yashim a Kaset ɗin Didam

Shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar ƙanena Didam, amma har yau idan na ji an ce makaranta za ta ba ɗalibi kyauta sai gabana ya faɗi. Na san abin dariya ne. Ni da na tsufa a aikin koyarwa, na miƙa wa yara littafi da sabulu ranar rabon kyauta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Watan jiya jikata da ke karatun haɗa fim ta shigo tana tsalle, wai aikinta ya shiga cikin waɗanda za a zaɓa. Maimakon in yi mata barka, sai na ji bakina yana cewa, "Wa kika ɗauka a ciki? Ya sani?" Ta dube ni kamar wadda tsufa ya fara taɓa wa kai. Shi ya sa bana na ce zan rubuta, ko ita ma ta karanta.

Ni ce babba, Didam ne autanmu. Mahaifinmu mai bishara ne a ƙauyenmu da ke can bayan Madakiya, ya rasu Didam bai fara tafiya ba. Ƙanen mahaifinmu, Baba Yashim, shi ya ɗauke shi. Baba Yashim bai taɓa taka ƙofar majami'a ba sai ranar jana'izar wansa, kuma yana cikin dattawan dodo. Duk da haka shi ya noma citta ya sa yaron nan a makaranta, shi ya saya masa takalminsa na farko. Dogo ne, ba ya son surutu, kuma yana da wani tari da taba ta bar masa, busasshe, sau biyu a jere sannan ya ja numfashi. Ko a cikin kasuwa ka ji tarin nan ka san Baba Yashim na kusa.

Ga wanda bai san ƙasarmu ba, dodo a wurinmu muryar kakanni ce. Bayan girbi akan ji ta daga cikin kurmi, wata murya mai karkarwa kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Da an ji ta mata da yara sai ɗaki. Mata su dafa wake, su yi burkutu, su ajiye a bakin hanya su juya. Maza kaɗai ke shiga, kuma duk yaron da aka kai an rantsar da shi ba zai faɗi abin da ya gani ba. An kai Didam yana ɗan shekara goma, Mama tana kuka, Faston majami'armu yana faɗa, amma an kai shi.

A shekarun nan na bayan yaƙin basasa, lokacin da Kafanchan ke tashi da jiniyar jirgin ƙasa, an buɗe wata 'yar kwaleji kusa da layin dogo inda ake koyar da aikin rediyo da zane da ɗaukar hoto. Nan Didam ya shiga, ya zauna wurina a ɗakin da nake haya bayan kasuwa. Suka ba shi aron rikoda, shi ke nan muka shiga uku. Ya ɗauki masu tallar rogo a tasha, ya ɗauki mahauta suna ciniki, ya ɗauki munsharina ya kunna wa maƙwabta. Na bi shi da muciya har bakin titi. Yaro ne mai kunne, wannan kam ba a ƙwace masa. Yakan ce kowane gari da sautinsa, ko an rufe masa ido zai bambance Zonkwa da Kafanchan.

A shekararsu ta ƙarshe akwai gasa. Kowane ɗalibi ya kawo aiki ɗaya, wanda ya zo na ɗaya a ba shi kofi, kuma a kai sunansa gidan rediyo a Kaduna. Didam ya tafi gida bayan girbi ya durƙusa gaban Baba Yashim, ya ce yana so ya ɗauki muryar dodo. Tsohon ya ce, "Murya dai? Ai ko mata suna jinta daga ɗaki. Ɗauki. Amma murya kawai."

Da ya dawo ya kunna mini. Na ga kaina ina yarinya a ƙarƙashin gadon Mama. Amma na lura babban yatsansa na kan maɓallin, muryar na yankewa ya danne shi da sauri. Na ce, "Me ke gaba?" Ya ce, "Ba na mata ba ne, Yaya Saratu." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Abin da ke gaba daga baya na ji shi tare da kowa. Didam ya manta bai kashe rikodar da wuri ba. Bayan muryar ta tsaya akwai ɗan shiru, sai tari, sau biyu a jere da jan numfashi. Sai muryar Baba Yashim a gajiye, da yarenmu: "Didam, miƙo mini ruwa."

Ya so ya goge wurin. Malaminsu ne ya hana shi. Baƙo ne daga nesa, mutumin kirki, ba zan yi masa ƙarya ba, amma bai san komai game da mu ba. Ya ce masa duk kyan aikin yana wannan wutsiyar, a ji abin tsoro sannan a ji ɗan Adam mai ƙishi, idan ya goge ta ya goge kyautarsa. Didam ya yi lissafinsa irin na yaro mai wayo. Bikin ba da kyautar zai faɗo tsakiyar damina, kowa na gona, wa zai bar noma ya zo Kafanchan jin kaset? Alƙalan gasa da 'yan birni za su ji, su tafa, a wuce wurin. Bai gaya wa kowa a gida ba, ni ma ya ce in yi shiru sai ya kawo kofin da kansa.

Abin da bai lissafa ba shi ne Fasto. Wani ma'aikacin kwalejin ya faɗa masa a kasuwa cewa ɗan marigayi mai bishara ne ya zo na ɗaya, shi kuwa ya sanar ranar Lahadi bayan sujada, cikin murna. Ranar bikin muna tsaye a ƙofar zauren kwalejin, hadari ya haɗu ta gabas ya ƙi zubowa, sai ga motar katako ta tsaya. Matan zumuntar majami'armu suka fara dirowa da zanensu iri ɗaya, Mama a gaba, suna waƙa suna guɗa. Maza suka biyo. Daga gaban motar Baba Yashim ya sauko a hankali, sanye da babbar rigarsa guda ɗaya da ba ya sawa sai ranar girma. Na juya in ce wa Didam ka ga mutanenka, na ga fuskarsa ta koma kamar toka.

Ya ruga wurin malamin. Ina hango su, shi yana roƙo, malamin yana dafa kafaɗarsa yana murmushi, ya ɗauka tsoron taro ne. Kaset ɗin ya riga ya tafi wurin mai kula da lasifika a can bayan zaure, babban baƙo ya zauna. Aka kira sunan Didam, aka tsayar da shi a kan dandamali da kofi a hannu, aka ba Baba Yashim kujera a layin gaba don shi ne uba.

Da muryar ta cika zauren, matan ƙauyenmu suka sunkuyar da kai, wasu suka ja mayafi suka rufe fuska, har da waɗanda suka yi shekaru da baftisma. Baba Yashim na zaune a miƙe, ina jin a lokacin alfahari yake yi. Muryar ta tsaya. Na ga Didam ya rufe ido. Sai tarin. Sai neman ruwan.

'Yan birni suka fashe da dariya da tafi, har babban baƙo ya miƙe tsaye. Ɓangarenmu kuwa tsit. Wata amarya a bayana dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da hannu biyu, amma an riga an ji. Baba Yashim ya tashi, ya gyara rigarsa, ya bi tsakiyar zauren ya fita bai dubi kowa ba. Mazan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma babu wanda ya ɗaga murya.

Da yamma Mama ta zo ɗakina. Didam ya ce, "Mama, ai yanzu zamani ya canja, kuma ku Kirista ne." Ta ce, "Rufe mini baki. Kana tsammani ba mu sani ba? Tun ina amarya na san waye a kurmin nan, duk matan garin sun sani. Mukan dafa wake mu kai, su ci su ji su maza ne, gari ya zauna lafiya. Kai ka sa muka sani a gabansu. Yanzu da wane ido zai dube mu, mu da wane ido za mu dube shi?"

Hukuncin dattawa bai daɗe ba. Didam ba zai sake taka ƙasar ƙauyen ba, da rai ko ba rai. Mama ta kai akuya da tulun burkutu, aka dawo mata da su. Fasto ya je, suka ce ba maganar majami'a ba ce. Ni na je na durƙusa gaban Baba Yashim ina kuka, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Saratu, tashi, ƙasa da sanyi." Iyakar abin da na samu ke nan. Na ji haushinsa shekaru da yawa. Sai da na girma na tuna cewa yara sun riƙa bin sa a baya suna kwaikwayon tarinsa, kuma bai ƙara shiga kurmin ba har ya mutu. Na ji haushin Didam ma, har gobe ina ji, don an ce masa murya kawai kuma ya ji.

An kira shi aiki Kaduna, ya ce ba zai tafi ba sai Baba ya sa masa albarka. Ranar kasuwar Madakiya yakan je ya tsaya a mararraba ko zai ga tsohon. Mutanen da suka goya shi su wuce shi kamar ba su gan shi ba. Ya mayar da rikodar makaranta, ya daina tsokanata, abinci sai na yi da gaske. Kafin wani girbin zazzaɓi ya kwantar da shi. Likita ya ce taifod ne, kuma na yarda da likita. A ƙauye suka ce dodo ya karɓi abinsa. Ni dai abin da na gani da idona shi ne yaro ɗan shekara ashirin da uku da bai yi wani ƙoƙarin warkewa ba.

Muka sa akwatinsa a mota muka nufi gida, don a binne shi kusa da mahaifinsa. A bakin rafin da ke iyakar ƙauyen muka tarar da maza zaune a kan hanya da rana tsaka. Babu sanda, babu zagi, zaune kawai suke. Direba ya kashe mota. Mama ta sauka ta kira su da sunayensu ɗaya-ɗaya, babu wanda ya ɗago. Muka juya. A Kafanchan muka binne shi, cikin ma'aikatan jirgi da suka zo daga nesa suka mutu ba dangi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kowane yaro da rikoda a aljihunsa, a ɗauki mai kuka, a ɗauki mai mutuwa, a watsa kafin a tambayi sunansa. Wataƙila ya yi murna, don shi mai son a adana komai ne. Amma ina jin zai fi kowa jin tsoro, don ya san abin da ɗan guntun sauti ke yi idan ya faɗa kunnen da ba a nufa ba. Nasa zaure ɗaya ya cika, na yanzu kuwa babu bango. Mu mutanen kudancin Kaduna ba sai an gaya mana yadda magana ke zama wuta ba, kuma ban ga alamar masu ba yara kofi suna koya musu su fara tambayar wa abin zai taɓa ba.

Me ya rage na Didam? Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, kwalejin ma ta zama wurin ajiye buhunan citta. Na ɗauka babu wanda ke tuna shi sai ni. Sai bara wasu samari uku daga ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu suka yi mini sallama, masu ladabi, jikokin mazan nan da suka zauna a bakin rafi. Suka ce, "Mama, za mu yi bikin al'ada, kuma babu wanda ya rage da ya iya muryar nan. An ce kaset ɗin yana wurinki. Ki taimaka mana, tarihinmu ne."

Na ba su ruwa suka sha. Na ce yana nan, kuma zan ba su. Amma su fara zuwa su tono mai shi, su kai shi gida su kwantar da shi kusa da ubansa, in ga kabarin da idona. Suka dubi juna. Babbansu ya sosa ƙeya ya ce ai wannan hukuncin ba a taɓa ɗage shi ba, sai sun ji ta bakin dattawa.

An yi bikin ba tare da muryar ba. Har yau ba su dawo ba, ni kuma shekaruna sun yi nisa, kuma na riga na gaya wa 'ya'yana cewa idan ba su dawo ba, kada a kai ni ƙauye. A haƙa nawa a Kafanchan, kusa da nasa.